Zane Tara na Malam Apollos

Maganar ta same ni ranar Lahadi bayan sujada, a gindin darbejiyar da mata ke tsayawa su gyara ɗankwali kafin a watse. Wai Kezia, matar marigayi Malam Apollos, ta je wurin wata mata Ibo a kasuwar Jimeta, an sa mata mijinta a cikin waya. Wai yana nan zaune a ciki, in ta gaishe shi sai ya ɗago kai ya ɗaga mata hannu.

Hansai ce ta kawo labarin. Ita ke kai wa Kezia manja Damare duk wata.

"Da idona na gani, Malama Edna," in ji ta. "Ta ajiye kwandonta, ta ɗauko wayar, ta ce masa ta dawo. Ya ɗago kai, ya yi haka da hannu. Tana juyowa ta gan ni a bakin ƙofa, ta yi maza ta kife shi."

"Shi ta kife ko wayar?"

"Malama, ke komai sai kin mai da shi jarrabawa."

Mama Keturah, Uwar Zumunta, ba ta yi dariya ba. Ta ce kwamitin Zumuntar Mata zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. In ta tabbata Kezia na magana da matattu, za a karɓi zanin zumunta a hannunta, a karɓi tulun da take kaɗa mana, ta koma bencin baya har sai dattawa sun ga tubarta. An ma riga an aika an ɗauko tulun, yana ofishin majami'a a kulle.

Shekara talatin da biyu na koyar da Fiziks. A cikinsu an kai ni ganin aljani a ɗakin kwanan ɗalibai sau uku: biyu mage ce, ɗaya wayar lantarki ce da ɓera ya ci. Saboda haka labarin bai tayar mini da tsigar jiki ba. Tulun ne ya dame ni. Tun da Apollos ya rasu Kezia ta koma gonarsu a Damare. 'Yarta ɗaya, Debbie, tana aure a Fatakwal. Duk sati abin da ke fito da Kezia cikin mutane shi ne gwajin waƙa ranar Alhamis da sujadar Lahadi. In aka karɓe tulun, saura kaji da gyaɗa.

Sai dai ni ce ta ƙarshe da ta cancanci zuwa gidanta. Da can Adda take ce mini, wato yaya. Ni da Apollos makaranta ɗaya muka koyar, shi malamin zane, shi ke zana mini ƙwayar ido da hanyoyin lantarki a kwali in liƙa a bango. Ciwon suga ya ci ƙafarsa, aka yi sati uku ana shafa masa man zaitun ana addu'a. Ranar zaman makoki, mata na ta cewa lokacinsa ne ya yi, ni kuwa na buɗe baki na ce da an kai shi asibiti tun satin farko da yanzu yana nan yana shan rediyonsa. A gaban Kezia na faɗa. Gaskiya ce, har yau ban janye ba. Amma shekara uku ke nan ba ta ce mini komai ba sai "ina kwana, Malama."

Ranar Litinin na buɗe akwatin da na taho da shi daga makaranta, na ɗauko agogon auna lokaci na ɗakin gwaji, mai maɓalli a ka. Na sa shi a jaka, na rufe gidana na Limawa, na tsai da keke.

Rana ta Maris ce, irin wadda ke sa kwalta ta yi laushi. Na samu Kezia a inuwar mangwaro tana ɓare gyaɗa a faifai. Ta rame. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta jawo mini kujera da ƙafa.

"Sannu da zuwa, Malama. Su suka aiko ki?"

"Babu wanda ya aiko ni, Maman Debbie. Ni na aiko kaina."

"Ai kin saba."

Ta kawo ruwan randa. Na sha, na tambayi Debbie da yara, na tambayi gona. Ta amsa da kalma ɗaya ɗaya. Da na ga gaisuwa ta ƙare babu wata hanya sai na bi ta gaba.

"An ce Apollos na cikin wayarki. Ina so in gani."

Na zaci za ta kore ni. Ta ture faifan gefe. Sannan ta kakkaɓe hannu a zaninta, ta shiga ɗaki, ta fito da wayar da Debbie ta aiko mata, wadda gefenta ya tsage. Ba ta ba ni ba. Ta riƙe ta nesa da ni kaɗan, ta taɓa fuskarta da ɗan yatsa.

Zanen fensir ne. Mutum zaune a kujerar katako, rediyo a cinya, kansa a sunkuye, ƙafar hagu a naɗe da tsumma an ɗora ta a kan bokitin da aka kife. Ba a zana fuska sosai ba, amma sanƙon nan da kunnuwan nan da suka buɗe kamar murfin tukunya, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin malamai ya san su.

Kezia ta sassauta murya. "Gafaranka dai, Baban Debbie. Na dawo, kasuwa ta yi daɗi."

Tana rufe baki ya ɗago kai. Hannun dama ya bar rediyo ya tashi, yatsu a buɗe, ya ɗan tsaya a sama, ya sauka. Ta kife wayar a cinyarta.

Ba zan ɓoye ba, na gane hannun nan. Haka yake ɗaga mini hannu in na wuce ta gaban ajinsa, ba tare da ya daina abin da yake yi ba.

"Sake," na ce. "Amma wannan karon kada ki ce komai. Kuma kada ki kife."

"A'a."

"Minti ɗaya kawai."

"Na ce a'a, Malama. Kin ce kina so ki gani, kin gani. Nan ba ajinki ba ne."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da ɓara. Na zauna har inuwa ta matsa ta bar ƙafafuna a rana. Da na miƙe, ba ta ɗago ba, amma ta ce, "In bincike kike so, shagon yana layin masu littattafai. Nwakaego sunanta. Ai ma kin koyar da ita."

Washegari na shiga kasuwa. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da alli da mai ɗaure littattafai: injin fotokwafi, kwamfuta biyu, fanka mai ƙara, katunan biki an jera a igiya. Matar da ke ciki ta kai arba'in, ta yi jiki, amma tana ganina ta miƙe tsaye kamar an buga ƙararrawa.

"Mama Ticha! Chineke! Har yanzu kana nan da wannan tabarau?"

A Jimeta aka haife ta, amma Hausarta ba ta taɓa damuwa da mace ko namiji ba. Na tuna ta, benci na biyu, mai saurin lissafi da saurin baki.

"An ce kina sa matattu a waya," na ce.

Ta dafa ƙirji. "Ni? Abeg, Mama Ticha. In na iya haka, ai da babana na fara, ya zo ya faɗa mana inda ya ajiye takardar fili. Mutane biyu sun zo jiya, wai in sa musu kakarsu. Na ce su kawo zane. Suka ce ba su da zane, hoto kawai. Na ce to ba ni da juju."

Ta jawo mini kujera, ta buɗe durowa ta fito da ambulan mai ruwan ƙasa. Kezia ta bar shi a wurinta, wai gara na cin takarda a Damare.

Takardu tara ne, masu shara-shara. Kowace an huda ta biyu a sama da abin huda fayil na ofis, kowace da lamba a kusurwa, ɗaya zuwa tara, da rubutun Apollos. Na juya ta farko. A bayanta akwai rubutun tafireta da ya koɗe: Tambaya ta huɗu, auna lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo. Takardun jarrabawata ne. Duk ƙarshen zango nakan tattara ragowar in ba shi, don bayansu fari ne kuma fensir na kama su.

"Mama Kezia ya ce Malam a kan gado ya zana su," in ji Nwakaego. "Ya buga ƙusa biyu a katako, yana saƙala takarda ɗaya kan ɗaya don kada su goce. In zai zana na gaba sai ya ɗaga su wajen taga, haske ya nuna masa na ƙasa, ya bi layi, ya matsar da hannu kaɗan. Wai littafi zai yi wa jikoki, irin wanda ake karkaɗa gefe da babban yatsa."

Na jera su a teburinta. A na ɗaya kai a sunkuye. A na uku ya fara ɗagowa. A na biyar hannu ya bar rediyo. A na tara hannu a sama. Layin na bakwai, na takwas da na tara yana rawa, fensir ɗin bai danna sosai ba.

"Ina sauran?"

"Babu saura. Nan ya tsaya."

Ta nuna mini aikin, ni kuwa na sa ta ta maimaita duk inda ta yi sauri. Ta ɗora takarda a gilashin sikana, injin da ke ɗaukar hoton takarda ya kai kwamfuta. Karon farko, in ji ta, haka kawai ta ɗora su, da ta haɗa sai mutumin ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro, don kowace takarda ta zauna a wuri dabam. Sai ta liƙa rula a gilashin da salatif, ta sa alama inda hujin biyu za su faɗa. Tambayoyina kuma suka riƙa leƙowa ta baya, lambobi a goshin Apollos. Ta ɗora baƙin kwali a bayan takardar, suka ɓace. Abin da ya rage na datti ta goge a kwamfuta, ba ta taɓa layinsa ba.

A allon kwamfutar zanen suka jeru a ƙasa kamar katunan biki a igiyarta. "Takwas a sakan ɗaya," in ji ta. "In ya fi haka, hannu yana gudu kamar yana korar ƙuda. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko da kansa, ya yi ta juyawa har caji ya ƙare."

Ta danna. Hannu ya tashi, ya kai sama, sai fat, ya ɓace ya koma kan rediyo, kai a sunkuye. Ya sake tashi, fat. Abin ba daɗin gani.

"Haka na fara nuna wa Mama," in ji Nwakaego, ta rage murya. "Mama ya fita waje, ya tsaya wurin mai alli ya daɗe. Da ya dawo ya ce, wannan ba mijina ba ne, mijina ba ya fizge hannu. In zana masa saukowa. Na ce Mama, ni ban iya zana ko kaza ba. Na kwana biyu ina tunani. Sai na ce, ai hanyar da hannu ya bi ya hau, ita zai bi ya sauko."

Ta kwafi na takwas ta ajiye bayan na tara, sannan na bakwai, na shida, har na biyu. Ta danna. Hannu ya tashi, ya sauko a hankali, kai ya koma.

"Madalla," na ce. Kalmar da na fi rowa da ita ke nan a aji, ta kuwa tuna, ta yi dariya har da tafi.

"Amma a wayarta yana daɗewa a zaune kafin ya motsa," na ce. "Wannan ba ya jira."

Dariyar ta tsaya. Ta gyara takardun, ta daidaita gefensu.

"Wannan kuma shi Mama ya roƙa. A zuwansa shagon nan na biyar. Ya ce Malam yana saurin ɗaga hannu, ba ya bari a gama gaisuwa. Ya tsaya nan inda kake, ya faɗi abin da yake faɗa in ya dawo daga kasuwa, ni ina kallon agogo. Muka yi sau uku. Sakan huɗu. Sai na maimaita zane na ɗaya sau talatin da biyu, na tara kuma sau takwas don hannu ya ɗan tsaya a sama." Ta dube ni. "Mama Ticha, laifi ne? An ce za su kori Mama a coci."

Na fito da agogona. Ta buɗe wanda ta tura wa Kezia, muka bar shi ya juya sau goma, babu wanda ya ce uffan. Sakan huɗu a zaune. Sakan ɗaya hannu na tashi, ɗaya yana sama, ɗaya yana saukowa. Bakwai, sau goma, ba ƙari ba ragi. Na rubuta a bayan katin biki. Na roƙi aron ambulan ɗin, ta ce sai Kezia ta yarda. Na ce ta kyauta.

Ranar Laraba na koma Damare da yamma. Ban samu Kezia a gindin mangwaro ba. Na ji muryarta a bayan ɗaki, wajen madafa, na tsaya don na zaci baƙi ta yi.

"Akuyar nan ta sake shiga masarar Bobboyi." Shiru. "Ya zo da faɗa, na ba shi haƙuri." Shiru. "Debbie ta kira, ƙaramin ya fara tafiya." Shiru. "Adda Edna ta zo. Ta tsufa, amma bakin na nan."

Na yi gyaran murya. Ta jingina wayar ne da turmi, tana tsinke zogale a kwano. Hannunta ya kai kan wayar zai kife, sai ta fasa. Apollos ya ɗaga hannu, ya sauke, ya zauna, ya sake ɗagawa. Babu mai yi masa magana.

"To, kin gani," in ji ta. "Auna."

"Na auna jiya. Bakwai."

"Na sani. Huɗu nawa, uku nasa." Ta ci gaba da tsinkar zogale. "Kin ɗauka ban sani ba? Ni na tsaya aka auna. Da farko gaisuwar kawai nake yi in kife, don in ya sake ɗagawa ban ce komai ba, sai in ji kamar an watsa mini ruwa. Daga baya na koyi yanka zancena gunduwa-gunduwa. In labari ya yi tsawo sai in jira ya zagayo."

Na zauna a kan bokiti. Na ce gobe zan je kwamiti in faɗa musu abin da na gani, in ta ba ni izinin ɗaukar takardun.

"A'a."

"Maman Debbie, za su karɓe tulun."

"Su karɓa." Ta ajiye kwanon da ƙarfi. "In sun ce mayya ce, aƙalla tsorona za su ji. In kika faɗa musu fa? Hansai za ta kai labarin har unguwar Mbamoi: Kezia na zaune tana hira da takarda. Za su riƙa kawo mini tuwo suna kallona ta gefen ido. Shekara talatin da takwas duk na shigo gida sai mutumin nan ya ɗaga mini hannu, ko muna faɗa. Ke ba ki san yadda ake shiga gida babu mai ɗagowa ba."

Ta faɗa, sannan ta tuna da wa take magana. Mijina ya rasu tun kafin nata ya yi ritaya. 'Ya'yana biyu, ɗaya a Abuja, ɗaya a ƙasar da sai an lissafa awa kafin a kira.

"Ni rediyo nake bari a kunne," na ce. "In zan fita. Don in na buɗe ƙofa in tarar ana magana. Ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu, sai in tsaya a waje in yi kamar ina duba fulawa."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta dube ni kamar ta ga na cire tabarau. Apollos ya ɗaga hannu sau biyu kafin wani ya sake magana.

"A bayan takardunki ya zana," in ji ta.

"Na gani."

"Da na tarar da su a ƙarƙashin katifa, saura kaɗan in ƙona don haushinki." Ta ɗauki wayar, ta share gilashinta da gefen zani. "Abin da kika faɗa ranar nan, ni ma na faɗa masa. Tun satin farko na ce mu je asibiti, ya ƙi, ya ce za su yanke ƙafar. Ba wanda ya sani. Ke kuma kika tashi a gaban mutane kika ɗora mini."

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba. Ke da kike auna komai."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta ji. Muka tsinke sauran zogalen tare, har kaji suka fara neman wurin hawa.

Da ta rako ni bakin hanya ta ce, "Gobe ne gwajin waƙar Ista. Wa zai kaɗa?"

"An ce Hansai."

"Hansai? Ai za ta fasa mini tulu." Ta tsaya tana kallon hanya. Keke ya taho, na ɗaga masa hannu. "Karɓo takardun. Amma ki faɗa yadda yake, Adda. Kada ki yi mini ado, kada ki nema mini tausayi. Ai kin iya."

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu muka zauna a ajin makarantar Lahadi, mata bakwai na kwamiti a kan ƙananan bencuna, gwiwoyinmu kusan a ƙirji. Kezia a gefe, da zaninta na zumunta a ninke a cinya, ta zo da shi ko da za a karɓa. Tulun na kan tebur. Mama Keturah ta yi addu'a, Hansai ta maimaita abin da ta gani, wannan karon har da cewa ɗakin ya yi sanyi.

Na nemi izini. Na miƙa takardun tara aka bi da su hannu hannu. Na saƙala su a ƙusa biyu da na buga a katako da safe, na ɗaga wajen taga, na karkaɗa gefensu da babban yatsa. Hannun ya tashi. Mairo, sakatariyarmu, ta ce "Yesu!" sannan ta ce in sake.

Sai na jingina wayar Kezia da tulun, na ba Mama Keturah agogona, na nuna mata maɓallin.

"Kowa ya yi shiru," na ce. "Kada a gaishe shi."

Ya ɗaga hannu. Ya sauke. Mama Keturah ta danna, ta kai agogon kusa da ido. "Bakwai." Ya sake. "Bakwai."

"Hansai, zage shi," na ce.

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To yi masa tallar manja."

Aka kwashe da dariya, har Hansai. Ta ce, "Malam, akwai manja mai kyau." Tana cikin faɗa ya ɗaga mata hannu tun ba ta kai ƙarshe ba, ta ja da baya ta taka ƙafar Mairo.

Mama Keturah ba ta yi dariya ba. Ta ajiye agogon, ta juya wajen Kezia. "Maman Debbie, to me ya sa kike masa magana?"

Kezia ta dubi zanin da ke cinyarta. "Don in na shigo gida babu kowa, Mama."

Fankar sama ta yi ta juyawa. A cikinmu bakwai, huɗu mazajenmu na maƙabarta. Babu wadda ta dubi wata. Mama Keturah ta daɗe tana kallon wayar, Apollos na ta ɗaga hannu yana saukewa. Sannan ta ɗauke wayar ta miƙa wa Kezia, ta ɗauki tulun da hannu biyu ta ɗora mata a kan zanin.

"Ana jiranki a gwaji," in ji ta. "Kin makara."

Kezia ta rungumi tulun ta fita. Jim kaɗan muka ji tulun ta bango, bugu biyu masu zurfi da ɗaya marar nauyi, yadda ita kaɗai ke yi.

Mairo ta buɗe littafin rahoto, ta cire murfin biro. "Malama, me zan rubuta?"

Na faɗa mata a hankali, tana rubutawa:

"Malam Apollos ya rasu shekara uku da suka wuce, ba ya cikin waya. Zane tara ne da ya yi da fensir kafin ya rasu. Ana nuna su daga na ɗaya zuwa na tara, a dawo da baya, a sake daga farko. Hannun yana tashi duk bayan sakan bakwai, ko an gaishe shi ko ba a gaishe shi ba. An tsayar da zane na farko sakan huɗu, daidai tsawon gaisuwar Kezia. Ita ta roƙi a yi haka."